Satar Takardar Lamunin Kafintoci

Ranar da aka wayi gari kwaɗon ofishin ƙungiyar kafintoci a karye, ba a ji kukan zarto ko ɗaya a layin ba. Mutum arba'in da biyu suka yi cirko-cirko a bakin rumfa, kowa hannu a ƙugu. An fasa akwatin ƙarfe na ƙungiya, an bar kuɗin taron mako da ke ciki, an bar littattafai, an ɗauke takarda ɗaya tak.

Takardar nan kuwa ita ce ransu. Shekara biyar suka yi suna tara gumi, shekara biyu da suka wuce suka zuba shi duka a takardar lamunin gwamnati. Yadda aka yi musu bayani, gwamnati ce ke aron kuɗin jama'a ta gina hanya, duk wata shida ta biya su haya, in shekara bakwai ta cika ta mayar musu da uwar kuɗinsu. Da shi suke burin sayen babban injin yanka katako, su huta da kai aiki wurin masu ja musu rai.

Kafin rana ta yi zafi har sun sami ɓarawonsu. Sawun silifan maigadi ne kwance ɓaro-ɓaro a dusar katako, daga ƙofa zuwa akwati, daga akwati zuwa ƙofa. Suka tura shi ɗakin ajiye fenti suka danna sakata.

A haka Baba Mai-sawu ya same su. Tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin shanun sata a daji, har gwiwa ta ce ta gaji ya dawo gari. Daga asibiti yake. 'Yarsa ce matar maigadin, tun asuba take kan gwiwa, duk sanda ta buɗe ido mijinta take tambaya. Shi ne kuma ya kawo yaron nan aikin da bakinsa, ya ce da kafintoci, in ya ɗauki ƙusa ɗaya ni za ku kama.

"Ga mai tsaya masa nan ya iso," in ji wani dogon kafinta da ake wa laƙabi da Ƙusa, don in ya kafe a magana ba ya fita. "Baba, ba ƙusa ya ɗauka ba, duk shagon ya kwashe. A kira 'yan sanda kawai."

Shugaban ƙungiya ya ɗaga hannu. Gajeren dattijo ne mai sanyin murya, wanda rabin layin a hannunsa suka koyi riƙe guduma.

"Ku bi a hankali," ya ce. "Abin da ya tafi ya tafi. In aka sa hukuma a ciki, ba mu san inda za ta tsaya ba."

"Kai kullum a hankali, Shugaba. Kuɗinmu fa."

Tsohon bai roƙi kowa ba. Ya dogara sandarsa ya ce, "Ku ba ni zuwa la'asar. In ban kawo muku wani abu ba, ni da hannuna zan miƙa shi. Amma yanzu kowa ya janye ƙafarsa daga ƙofar nan."

* * *

Ya durƙusa da ƙyar a bakin ofis. Kafintoci sun tattake rabin wurin, kamar garke ya sha ruwa, amma a gefen bango sawu shida sun tsira. Ya daɗe a kansu. Ya kwantar da kunci kusa da ƙasa yana kallonsu ta inda haske ke shigowa.

Silifan surukinsa ne, babu musu. Ga inda aka ɗinke na dama da waya.

Sai ya sake dubawa. Surukin nasa ya taɓa faɗowa daga kan mota yana yaro, tun daga nan yake jan ƙafar hagu. Duk inda ya bi sai ya bar layi kamar an ja kara. A nan babu layi. Ban da haka, nauyi duk ya taru a gaban takalmin, dunduniya da ƙyar ta taɓa ƙasa, takun kuma gajeru ne, irin na mai tsoron kada takalmi ya suɓuce masa.

Takalmin na maigadi ne. Ƙafar da ke ciki ƙarama ce.

Bai faɗa wa kowa ba. Ya san in ya faɗa yanzu, cewa za a yi suruki ne ke kare suruki.

* * *

Aka buɗe masa ɗakin fenti. Maigadin na zaune kan gwangwani, leɓensa a kumbure. Yana ganin tsohon ya zame ƙasa ya tsuguna, kai a sunkuye.

"Baba, yaya take?"

"Tana nan da rai. Ni zan yi tambaya. Ina silifanka suke kwana?"

"Ƙarƙashin benci, a bakin rumfa. In na kama aiki manyan takalman roba nake sawa, saboda ƙusoshi."

"Ka bar wurin nan ko ba ka bari ba?"

Yaron ya kau da kai.

"Kai, ni na gan ka a asibiti da asuba da takalman robar a ƙafarka. Ni za ka ɓoye wa?"

"Na bari, Baba. Maƙwabciya ta kira ni ta ce abin ya taso. Na je na kai ta, na dawo gari ya fara haske. Ban leƙa ƙofar ofis ba."

"Me ya sa ba ka faɗa musu ba?"

"Barin aiki kora ce. Ga haihuwa."

"Kora ta fi ɗauri ne? Wa ya san ka tafi?"

Yaron ya shiga murza yatsun hannunsa. "Babu kowa."

Tsohon ya dube shi. Shekara huɗu da ba shi 'ya, bai taɓa jin ya yi ƙarya ba, shi ya sa da ya yi ta, ta zauna masa kamar rigar aro. Ya miƙe ya fita.

* * *

Mutane biyu suka ja shi gefe suka raɗa masa cewa ya bincika Ƙusa. Shi ne tun farko ya ƙi a sayi takardar, har ya rantse wata rana sai ya cinna mata ashana.

Ya same shi yana fere ƙafar kujera da fushi.

"An ce ka yi alkawarin ƙona ta."

"Na faɗa, kuma a gaban kowa na faɗa. Na zaci kuɗin ruwa ne. Da aka ce haya ce ta hanya, na yi shiru na zuba nawa. Baba, kuɗin da na tara na auren ƙanwata yana cikin takardar nan. Mahaukaci ne ni da zan ƙona aljihuna?"

Tsohon ba bakinsa yake kallo ba, ƙafarsa yake kallo. Faffaɗa ce kamar faranti, ko rabinta ba zai shiga silifan maigadi ba.

"Allah ya ba ka ƙafa," ya ce.

"Me ka ce?"

"Na ce ka gode wa Allah."

* * *

Ma'aji siriri ne mai tabarau, ƙafarsa kamar ta mace. Shi ke riƙe da makullin akwati. Da tsohon ya ga ƙafar nan, sai ya gyara zama.

"Mai makulli ma yana iya karya kwaɗo," ya ce, "don a ce ba shi ba ne."

Ma'aji ya cire tabarau ya goge. "Baba, ni da na fi kowa alfahari da takardar nan? Shekaranjiya da 'yar jaridar gidan rediyo ta ba da labarin gwamnati za ta fitar da sababbi, ni na kira shirin na ce mu kafintoci mun riga kowa. Har ta ce za ta zo yau ta gan ta da idonta, ta yi shiri a kanmu."

"Wa ka gaya wa za ta zo?"

"Shugaba kaɗai, jiya da yamma. Na so ya zama abin mamaki ga sauran."

"Hayar fa, tana zuwa?"

"Ba ta taɓa makara ba. Sau huɗu ke nan. Shugaba ke zuwa ya karɓo, shi ya saye ta ai, shi suka sani. Ya kawo a ambulan, ni in raba. Bana ma har ƙaruwa ta yi." Ya ɗan washe baki duk da halin da ake ciki. "An yi ta ƙorafi a taro cewa kaya sun yi tsada, hayar ba ta sayen komai. Da zuwan ta gaba sai ga ƙari. Gwamnati ma ta san ana wahala."

Tsohon ya gyaɗa kai. Shi bai yi boko ba, bai ga abin tsayawa a nan ba. Ya fito yana duban inuwa. Ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Rabin lokacinsa ya tafi, abin da ke hannunsa ƙaramar ƙafa ce kawai, a layin da masu ƙananan ƙafa sun fi goma.

Ya kira asibiti. Matarsa ta ce har yanzu shiru, likita ya shiga ya fita sau biyu, yarinya na kuka tana cewa ko wani abu ya sami mijinta ne ake ɓoye mata.

"Ce mata yana hanya," in ji shi. Ya kashe wayar, ya tsaya yana jin nauyin abin da ya faɗa.

* * *

Bayan azahar 'yar jaridar ta iso da jaka a kafaɗa, tana murmushi, ba ta san an yi ɓarna ba. Kafintoci suka juya mata baya don kunya. Tsohon ne ya ba ta benci.

"'Yata, ni ban san karatu ba. Ki yi mini magana kamar kina yi wa jikanki. In ɓarawo ya saci saniya, kasuwa yake kai ta. Wanda ya saci takardar nan, ina zai kai ta?"

"Babu inda zai kai ta, Baba. Takardar shaida ce kawai. Sunan mai ita yana rubuce a rajista. Ko an sace ta, ko ta ƙone, kuɗin na nan. A je da shaida a ba da wata."

"Ɓarawon bai sami komai ba ke nan."

"Ko sisi. Ai in gaskiya ne an saya, su kwantar da hankalinsu."

Tsohon ya riƙe kalmar nan, in gaskiya ne, ya ajiye ta gefe.

"To hayar, wa ake ba wa?"

"Ba a ba kowa a hannu. Asusun bankin da aka rubuta ranar saye, nan take faɗawa, a ranarta."

"In shekara ta yi tsada, gwamnati takan ɗan ƙara?"

Ta yi dariya. "Baba, gwamnati ce fa, ba kawunsu ba. Irin wannan ta shekara bakwai, abin da aka yanka ranar farko shi ne har ranar ƙarshe. Kaya su yi tsada, kaya su yi araha, ba ta ƙara ba ta ragewa. Amfaninta ke nan, ka san abin da za ka samu. Aibinta ke nan kuma, in tsada ta zo kai ta ci."

Tsohon ya ɗora haɓarsa a kan sanda.

"Ba ta ƙarawa," ya maimaita.

"Ba ta ƙarawa."

"Kada ki tafi, 'yata. Ki sha ruwa ki jira ni."

* * *

Ya bi ta bayan layi zuwa shagon Shugaba, wanda aka ce a da shi ne mafi kayan aiki a wurin. Ba kowa ciki. Ya tsaya a ƙofa ya karanta ƙasa. Ga ramuka huɗu a siminti inda ƙafafun wani inji suka daɗe a kafe, ƙura ta cike su. Wannan ya kai shekara da tafiya. Ga wasu huɗu a kusurwa, bakinsu fari, da sabon karce har bakin ƙofa inda aka ja abu mai nauyi. Wannan bai wuce wata biyu ba. A bango ƙusoshi ne jere, kowace da inuwar abin da ta saba ɗauka, rabinsu babu komai.

A bakin tabarmar salla ga takalman Shugaba na zaman shago. Tsohon ya auna ɗaya da tafin hannunsa. Na ƙaramar ƙafa ne.

Bai ji daɗi ba. Ya sha kama ɓarayi yana dariya, wannan karon sai ya ji kamar shi aka kama.

* * *

Da la'asar aka taru a babbar rumfa. Aka fito da maigadi aka tsayar. Ƙusa na riƙe da waya, lambar 'yan sanda a shirye. Tsohon ya sa aka share tsakar rumfa, aka barbaɗa sabuwar dusa, ya ajiye silifan a gefe.

"Kai, sa takalmanka ka taka."

Maigadi ya taka. Layin ƙafar hagu ya bi shi kamar wutsiya.

"Ku je ku duba na ofis, in kun ga layi ku ɗaure ni tare da shi."

Mutum uku suka je suka dawo suna kallon juna.

"To wa ya sa takalmin?" in ji Ƙusa.

"Za mu zo nan. 'Yata, faɗa musu abin da kika faɗa mini."

Ta faɗa. Da ta ce satar takarda ba ta taɓa kuɗi, rumfa ta ɗauki hamdala, har wani ya rungume na kusa da shi. Da ta ce haya ba ta zuwa a hannu, kuma ba ta ƙaruwa, sai hamdalar ta mutu a baki.

"Amma tamu ta ƙaru," in ji Ma'aji a hankali. "Ni na raba."

"Ta ƙaru," in ji tsohon. "Kun yi kuka a taro, aka ji tausayinku. Gwamnati ba ta zo taronku ba. Wanda ya ƙara muku yana zaune a ciki, ya ji kukan da kunnensa. Takardar da ba ta da amfani ga ɓarawo kuwa, mutum ɗaya take wa amfani in ta ɓata: wanda ba ya so mai ilimi ya gan ta. Ma'aji, wa ka gaya wa baƙuwa na zuwa?"

Ma'aji ya gyara tabarau. Ya juya kai ya dubi Shugaba.

Tsohon ya ɗauki silifan ya ajiye a gaban Shugaba. "Ranka ya daɗe, taka mana."

Shugaba ya daɗe yana kallon takalman. Sannan ya cire hularsa, ya zaro takarda a ninke daga cikinta, ya miƙa wa 'yar jarida. Ta buɗe, ta duba gaba da baya, ta ɗaga ta a haske.

"Babu lambar rajista," ta ce. "Wannan a shagon buga katin biki aka yi ta."



"Ban ci kuɗinku ba," in ji Shugaba. Muryarsa ba ta fi ta mai zazzaɓi ba. "Ranar da na je banki saye, aka miƙo mini takardun cikewa shafi shida, duk da Turanci. Yara na bayana a layi suna jira. Na ji kunyar in ce ban iya ba. Na fito waje in sha iska, wani mai kwat ya biyo ni, ya ce shi wakili ne, aikinsa ke nan taimakon dattawa. Ya cike, na dangwala, na ba shi jakar. Washegari ya kawo mini wannan har shago. Da wata shida ta cika na koma, aka duba aka ce babu sunanmu. Lambarsa kuma ba ta shiga."

"Shekara ɗaya da rabi kana kallonmu," in ji Ƙusa.

"Na sayar da injin gogewa na biya ta farko da ta biyu. Na sayar da ƙananan kaya. Wata biyu da suka wuce na sayar da injin huda. Na ce ko Allah zai kawo mafita kafin shekara bakwai."

"Ƙarin fa? Wa ya aike ka?"

"Kun ce ba ta isa. Na zaci haka ake yi. Mu ma in katako ya tashi ai mukan ƙara."

Wani ya yi wata irin dariya marar daɗi, ya haɗiye ta.

"Kuɗi tsakaninku ne," in ji tsohon. "Ku kai ƙara, baƙuwa ta san ƙofar da ake bugawa, ko a kama mai kwat ko kada a kama. Ni ba wannan ya kawo ni ba." Ya juya ga surukinsa. "Na tambaye ka wa ya san ka tafi."

Maigadi ya dubi ƙasa. "Na kira Shugaba na nemi izini. Ya ce in je, kada in gaya wa kowa, shi zai rufa mini asiri."

"Ka ji," in ji tsohon, yana duban Shugaba. "An fasa masa baki, an kulle shi da fenti, matarsa na can tsakanin rai da mutuwa, bai kira sunanka ba, don yana ganin alheri ka yi masa. An cuce ka, na yarda. Ka ji kunya, na yarda. Amma tun safe kana tsaye a nan, sakatar ɗakin can ba ta fi taku goma da kai ba."

"Ban yi nufin ya faɗa kansa ba. Takalmina kowa ya san shi, na ga nasa a ƙarƙashin benci…"

"Da asuba ba ka yi nufi ba. Da hantsi fa? Da azahar fa?"

Hawaye ya bi ta cikin furfurar gemun Shugaba. Ya sunkuya, dattijon da ya koya wa rabin layin sana'a, ya ɗauki silifan da hannu biyu, ya taka har gaban maigadi ya ajiye masa a ƙafa. Yaron ya ja da baya da sauri, ya rasa inda zai sa idonsa.

Ƙusa ya mayar da waya aljihu. Ya je ya tsaya gaban maigadin, ya ce, "Ni na buge ka. Zo in kai ka a babur."

Wayar tsohon ta yi ƙara. Ya saurara, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"An shiga da ita ɗakin haihuwa," ya ce. "Ta ce a gaya maka in ba ka zo ba ba za ta yafe ba. Me kake jira?"

Maigadi ya zura silifan ya ruga, Ƙusa na biye da shi yana laluben makulli.

Kafintoci suka zauna ɗaya bayan ɗaya, wasu kan katako, wasu a ƙasa. Shekara biyar ta gumi ce kwance a kan benci, a takardar da ba ta kai kuɗin tawadarta ba. 'Yar jarida ta zauna kusa da Ma'aji ta fara tambayarsa kamannin mai kwat, tana rubutawa.

Tsohon ya ɗauki sandarsa. A bakin rumfa ya tsaya ya dubi ƙasa, don hali ba ya barin mutum. Ga sawu sabo ya nufi titi, taku manya-manya, dunduniya ta nutse sosai, layin ƙafar hagu na biye.

Ya bi shi a hankali, yana kaucewa kada ya taka.